Wa Ya Raba Gogen Amurka Gida Biyu?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu ilimi har ta zama kamar karatu: wai tsohon kiɗan goge na karkarar kudancin Amurka gadon fararen fata ne tsantsa, wanda kakanninsu suka zo da shi daga Ailan da Sikotilan, baƙar fata kuwa rabonsa bulus da jaz. In ka nemi hujja, sai a nuna maka fayafayan garmaho na shekarun 1920, a ce ga shaida. To, wannan shaida sai an titsiye ta da tambaya, domin ɗan kasuwa ne ya kawo ta gaban alƙali.

Ga yadda abin ya faro. A 1922 Eck Robertson, wanda ya tashi a Teksas, ya goga «Sallie Gooden» a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Victor. A 1923 Ralph Peer na kamfanin Okeh ya ɗauki Fiddlin' John Carson a birnin Atlanta, faifan kuwa ya yi kasuwar da ba a zata ba. Daga nan kamfanoni suka bazama kudu suna farautar makaɗa. Sai dai tun 1920, da waƙar Mamie Smith ta karɓu, sun gane cewa baƙar fata ma masu saye ne. Saboda haka suka buɗe jeri biyu: ɗaya na baƙaƙe, aka cika shi da bulus da waƙoƙin coci; ɗaya na fararen ƙauye, aka ba shi goge da banjo. Dokar wariya da lissafin kanti ne suka ja wannan layi, kunne bai ja shi ba.

Shekarar 1927 kaɗai ta isa ta tona asirin. A cikinta Jim Booker, baƙar fata daga Kentaki, ya ja gogen ƙungiyar Taylor's Kentucky Boys a fayafayan kamfanin Gennett, amma da aka zo hoton talla babu fuskarsa. A cikinta Andrew Baxter, wani baƙar fata daga Jojiya, ya goga «G Rag» tare da fararen ƙungiyar Georgia Yellow Hammers. A cikinta kuma kamfanin Columbia ya saka faifan Austin da Lee Allen, ƴan'uwa biyu farare, cikin jerin baƙaƙe, su kuwa suka tada ƙura har da maganar kotu. Idan masu kamfanin da kansu sun kasa tantance launin makaɗi da kunne, ina dalilin da zai sa mu rantse da jerinsu?

Abin da faifai bai ɗauka ba ya fi wanda ya ɗauka yawa. Tun zamanin bauta, sanarwar cigiyar bayin da suka gudu a jaridu takan ambaci cewa wane ya iya goge. Solomon Northup, wanda aka sace aka sayar, ya kuma ba da labarinsa a littafin da ya fito a 1853, mai goge ne. Arnold Shultz, wanda Bill Monroe ya yi ta yabawa a matsayin wanda ya koyi abubuwa a wurinsa, ya rasu a 1931 ba tare da an ɗauki sautinsa ko sau ɗaya ba. Su ma waɗanda aka ɗauka, an datse kiɗan da ake kwana ana rawa da shi ya koma kamar minti 3, gwargwadon abin da fuskar faifai za ta ci.

Amma adalci ya wajaba. Gogen nan mai tsirkiya 4 ƙirar Turai ne, kuma kiɗa irin «Soldier's Joy» an san shi a Sikotilan tun ƙarni na 18. Don haka ƴan'uwanmu masu ɗoki, da ke cewa gogenmu na ƙwarya da izga ne kawai ya haye teku ya sake riga, su ma sun zarce. Banjo ne asalinsa na Afirka ya tabbata, dangin gurmi da molo ne. Kiɗan kansa kuwa hannu biyu suka dama shi cikin ƙwarya ɗaya, kuma wanda ya ce na mutum ɗaya ne ya zalunci ɗayan.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1942 John Work na Jami'ar Fisk ya ɗauki Nathan Frazier da Frank Patterson a Nashville, ba don sayarwa ba. Tsoho Joe Thompson na Karolina ta Arewa, wanda ya rasu a 2012, ya koyar da matasan ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, waɗanda suka ci lambar Grammy a 2011. Sai dai an yi asarar da ba ta ramuwa kafin a farga.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma muna da makaɗin da muke jin kunyarsa: mai goge, wanda muka jingina da bori da dandalin dare, muka fi buɗe wa mai yabon manya ƙofa. Jikokinmu za su saurari abin da muka adana su ɗauka shi ke nan abin da aka yi. Yau na'urar ɗaukar sauti tana aljihun kowa. A ɗauki mai gogen Dogonduci da na Maradi wasa cikakke, a rubuta sunansa da na masu ƙwaryarsa, da garinsu, da wanda ya koya musu, a kai kwafi IRSH ko CELHTO a Yamai. Ku kuma koya wa ɗalibai cewa duk faifan da suka ji, su tambayi wa ya zaɓa, wa kuma aka bari a bakin ƙofa.

Allah ya sa mu gane.