Shari'ar Masu Masauki, Wahalar Baƙo

Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan shafi! Kun fi kowa tafiya a ƙasar nan, wani don neman ilmi, wani don neman halali, wani don ziyarar Ɗakin Allah. Wanda ya bar gidansa kuwa ba shi da bukatar da ta fi wurin da zai sa haƙarƙarinsa, ya ajiye kayansa cikin aminci. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi magana a kan wata fitina ta wannan zamani, watau shari'ar da kamfanonin manyan masaukai, waɗanda ake kira otal, suke yi da junansu, da irin wahalar da takan faɗa wa baƙon da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

A zamanin iyayenmu mai masauki mutum ɗaya ne, an san sunansa, an san ƙofar gidansa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da masu kai shanu Kurmi, kowa yana da maigidansa a zango, ko a Salaga, ko a Sabo ta Ibadan. Maigida shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke nemo masa dillali, shi ke tsaya masa in an ci bashinsa. Jarinsa duka sunansa ne. Ran da aka ce baƙo ya yi hasara a gidan wane, to, ayari ya ƙaurace wa gidan ke nan. Tudun Wada kanta ai garin baƙi ce tun asali, gama Turawa sun keɓe ta ne don 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birnin Zazzau ba, har ta cika ta batse da malamai da masu sana'a. Ba wanda zai koya wa mutanenta darajar baƙo.

Amma babban otal na yau hannu huɗu ke riƙe da shi. Akwai mai gini, wanda ya kashe dukiyarsa. Akwai banki, wanda ya ranta masa kuɗi ya riƙe takardun filin jingina. Akwai kamfani mai suna, galibi na ƙasashen waje, wanda ake rubuta sunansa a bisa ƙofa, yana gudanar da aikin gidan bisa sharaɗin za a riƙa ba shi wani kaso daga cinikin. Sa'an nan akwai dillali, ko ejan mai ofis a gari, ko kamfanin da ke kama wa mutane ɗaki ta intanet. Baƙo yakan miƙa kuɗinsa ga na huɗu, don ya amince da sunan na uku, ya kwana a ɗakin na farko, alhali takardun gidan suna akwatin na biyu. In biyu daga cikinsu suka saɓa, kowa yana da lauya, kowa yana da takardar sharaɗi mai shafi da yawa. Baƙo kaɗai ne ba shi da kome sai ɗan rasiɗi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga Durbar Hotel nan a Kaduna, tafiyar da ba ta wuce mil 50 daga Zariya ba. Gwamnatin Tarayya ta gina shi don baƙin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a 1977, sa'ad da aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Daga baya aka sayar da shi ya koma hannun 'yan kasuwa. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a 1998, jayayya ta tashi tsakanin Gwamnatin Tarayya da iyalinsa a kan wane ne mai shi. Shari'a ta yi ta tafiya daga wannan kotu zuwa waccan, gida yana rufe shekara da shekaru, ciyawa ta cinye farfajiya. A watan Janairu na 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rushe shi, ta ce ya zama maɓoyar miyagu, iyalin kuma suka sake garzayawa kotu. Ba mu ne za mu ce ga mai gaskiya ba, wannan aikin alƙalai ne. Abin da muka sani shi ne, tun kafin a kai ga hukunci an riga an yanke wa waɗansu hukunci ba tare da an kira su ba: kuku da mai shara da mai wanki, mahaucin da ke kai nama, mai lambun da ke kai kayan miya, baduku mai sayar wa baƙi jaka da alabe a bakin ƙofa, da direban da ke jiran fasinja. Ba ko ɗaya daga cikinsu da sunansa ya shiga takardar ƙara.

A Ikko ma an ga irin wannan. An buɗe otal ɗin InterContinental a 2013, dogon bene abin kallo. Bashin banki ya yi wa masu ginin nauyi, magana ta kai kotu, aka naɗa wakilin da zai riƙe gidan don masu bin bashi. A watan Janairu na 2018 kamfanin mai sunan ya janye hannunsa, aka sauke sunansa, gidan ya koma Lagos Continental. Ku lura fa, ran da aka sauke suna, ran nan gida ke fita daga littafin kamfanin. Wanda ya kama ɗaki don ya yarda da wancan suna, sai ya tarad da waɗansu mutane dabam, waɗanda ba da su ya ƙulla alkawari ba.

A ƙasashen Turawa abin ya fi haka muni, domin can mutum yakan tara kuɗin shekara guda don ya kai iyalinsa hutu bakin teku, ya biya tun watanni kafin ranar. A tsibirin Hawai na Amurka, a watan Agusta na 2011, masu ginin wani otal na bakin teku a Waikiki, waɗanda ke shari'a da kamfanin Marriott, suka shigo da tsakar dare da mutanensu, suka sake makullai, suka sauke suna, suka ɗora wani kamfani, baƙi suna barci a ɗakunansu. Mutum ya kwanta a gidan wani, ya farka a gidan wani. A watan Nuwamba na 2025 kuma kamfanin Marriott ɗin nan ya warware sharaɗin da ke tsakaninsa da wani kamfanin masaukai mai suna Sonder. Nan da nan aka ce wa baƙin da ke cikin ɗakuna a birane da yawa su kwashe kayansu su fita, waɗansu ko kwana ɗaya ba a ba su ba, Sonder kuma ya durƙushe.

Akwai kuma labarin Thomas Cook, kamfanin tafiye-tafiye na Ingila wanda aka kafa a 1841, wanda har Gwamnatin Indiya ta taɓa danƙa masa jigilar alhazai a 1886. Bashi ya karya shi a watan Satumba na 2019, mutum wajen 600,000 suna ƙasashen waje ta hannunsa. A wani otal a Tunisiya aka rufe ƙofa aka ce baƙi su sake biya, domin kamfanin bai ba masu gidan kuɗinsu ba, alhali baƙin nan sun riga sun biya tun a gida. Abin da ya ceci mutanen Ingila shi ne, tun 1973 hukumarsu ta kafa ƙa'ida, duk mai sayar da tafiyar hutu ta jirgin sama sai ya yanki lasin, ya sa kuɗi a wani asusu don irin wannan rana. Da taimakon wannan tsari aka komo da mutum wajen 140,000 gida.

To, malamai, wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a littattafan da kuke karantarwa a zaure. Kama ɗaki haya ne, babin haya kuwa yana cikin Risala, yana cikin Askari, yana cikin Tuhufa. A mazhabar Imamu Malik haya alkawari ne mai ɗaurewa. Ba ya warwarewa don mai gida ya rasu, ba ya warwarewa don an sayar da gidan, wanda ya saya sai ya jira wa'adin mai haya ya cika. In kuwa gidan ya rushe, ko amfani da shi ya gagara, sai a mayar wa mai haya kuɗin kwanakin da bai zauna ba. Har wa yau Imamu Malik bai yarda a riƙe kuɗin kafin alƙalami ba ko da mai saye ne ya fasa, ko da yake Imamu Ahmad ya halatta. In har ana saɓani a kan riƙe kuɗin wanda ya fasa da kansa, ina dalilin riƙe kuɗin wanda ya zo da jakarsa a ranar alkawari aka rufe masa ƙofa? Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, ko an yi shi da fatar baki, ko an yi shi da takarda mai hatimi.

Wani zai ce, ai mai haƙƙi yana da ikon neman haƙƙinsa, ba a ce wa wanda ya zuba miliyoyi a gini ya zura ido ana cutarsa don kada baƙo ya ji haushi. Gaskiya ne, ba mu hana kowa zuwa gaban alƙali ba. Amma neman haƙƙi dabam, garkuwa da baƙo dabam. Mai gini da mai suna sun san juna, sun zauna sun yi sharaɗi, kowa ya san abin da zai ci da abin da zai iya rasawa. Baƙo bai ci riba da su ba, don me zai ɗauki hasara da su? Gidan da ke aiki kuma ana iya raba cinikinsa ran da aka yi hukunci. Gidan da aka garƙame, wanda ya ci shari'a kango zai karɓa.

Saboda haka muna kira ga alƙalai, in ƙara irin wannan ta zo gabansu, kafin a shiga maganar wa ke da gida, a fara tsare baƙin da ke ciki da waɗanda suka riga suka biya, da albashin ma'aikata. A naɗa amintacce ya riƙe gidan yana aiki, a riƙa ajiye ciniki har a gama. A gaggauta kuma, domin shari'ar da ta shekara ashirin ta cinye abin da ake shari'a a kansa. A Kongo, nan kusa da mu, Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da lauyoyi. Muna fata malamansu za su cusa musu cewa lauyan da ya sasanta mutum biyu a wata ɗaya ya fi wanda ya yi ta ɗaukaka ƙara har gashinsa ya yi furfura.

Muna kira ga hukuma ta duba abin da Ingila ta yi, ta ɗauki abin da ya dace da mu. Ra'ayinmu shi ne, kuɗin da baƙo ya biya kafin ya sauka a ɗauke shi kamar ajiya, a sa shi a asusu dabam, kada kamfani ya taɓa shi don biyan bashinsa sai baƙo ya kwana. Wannan ya fi zama dole ga masu kai mutane Hajji da Umra, gama ejan yakan karɓi kuɗi a Kano ko Zariya, ya ba wani dillali a Makka, dillali ya ba mai gida, in ɗaya ya saɓa sai tsoho ya tsinci kansa da akwati a bakin titi a ƙasar da bai jin harshenta. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ke ba irin waɗannan kamfanoni izini, ita ya kamata ta fi kowa sa ido.

Ku kuma attajirai da matafiya, sai ku ɗaure raƙuminku kāna ku dogara ga Allah. Kun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Kada ku ba da kuɗi sai an ba ku takarda mai sunan gidan, da ranar shiga, da ranar fita, da sharaɗin mayar da kuɗi in an fasa. Ku tambayi wanda kuka ba kuɗin, shi ne mai gidan ko dillali ne. In dillali ne, ku buga waya gidan da kanku ku ji ko sunanku ya shiga littafi, ku sake bugawa ana saura kwana biyu ku tashi. In kun ji ƙishin-ƙishin gida yana kotu, kada ku biya duka gaba ɗaya. Lokacin hawan Salla da lokacin bikin ba da shaidar digiri a jami'a, sa'ad da ɗakuna ke wuya a Zariya, nan ne ya fi kamata a yi hattara. Masu gina masauki a cikinku kuwa, in za ku ƙulla sharaɗi da wani kamfani, ku rubuta tun farko yadda za a yi da baƙi ran da aka rabu, da wanda za a kai wa magana ya sulhunta kafin a je kotu.

Malamai su ma suna da nasu rabo. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da Allah ya ba rabo a zakka, wanda kuwa aka kora daga ɗakin da ya biya ya shiga cikinsu ko da mawadaci ne a garinsu. A faɗi wannan a wurin tafsiri da huɗuba, a tuna wa masu dukiya cewa alkawarin da aka yi da baƙo ba ya faɗuwa don an yi faɗa da abokin tarayya.

Allah ya daidaita tsakanin masu jayayya, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci da sauri, ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, ya komo da shi ga iyalinsa lafiya. Amin.