Magudanar Rufi Marar Gaɓa: Ina Ribarta, Ina Matsalarta?

Tunda damina ta kankama, wannan makon bakin rufi za mu ɗaga kai mu duba.

Ku ɗauko biro mu fara da lissafi. Idan ruwan sama mai zurfin milimita 1 ya sauka a kan fili mai murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. To, rufin da tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa ma mita 10, in aka yi ruwa na milimita 20, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 2,000 ce za ta gangaro daga kansa. Jarka 100 ke nan, irin mai cin lita 20. In ba a tare wannan ruwa ba, gindin bango yake faɗawa, ya zaizaye ƙasa, ya jiƙa tushen gini, fenti ya yi ta ɓarewa. Magina na da sun san haka, shi ya sa soron ƙasa ba ya rasa indararo mai cilla ruwa nesa da bango. Rufin kwano kuwa, magudana ake kafa masa a baki, ta tattara ruwan ta miƙa wa bututu, shi kuma ya sauke shi ƙasa ko cikin tanki.

Magudanar da muka saba gani guntu-guntu ake sayenta, ta roba ko ta kwano, a jona wannan da wancan, a liƙe da danƙo. Duk inda aka jona, nan rauni yake. Rana tana busar da danƙon har ya tsage, ganye da ƙura suna maƙalewa a wurin, sai yoyo ya fara. Ku lura da bangon da ke da baƙin layi daga sama zuwa ƙasa. Sau da yawa in kun bi layin da ido za ku tarar da gaɓa a samansa.

Wannan ne ya sa a Amurka da Kanada aka rungumi wata dabara. Ma'aikata suna zuwa da inji a bayan mota, tare da fallen alminiyam a naɗe kamar tabarma. Sai su auna bakin rufin, su zura fallen cikin injin, ya lanƙwasa shi ya fito da magudana guda ɗaya daidai tsawon bangon, mai faɗin inci 5 ko 6. Ita ake kira marar gaɓa. Sunan dai akwai ɗan zuzutawa a ciki, domin a kusurwa, da ƙarshenta, da inda bututu ya shiga, dole sai an yi haɗi. An rage gaɓoɓin ne, ba a kawar da su duka ba.

Ribarta a fili take. Wuraren yoyo sun ragu, ruwa yana gudu ba abin da ke tare shi, alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, ga ta kuma da kyan gani.

Matsalolin ne suka fi buƙatar mu tsaya. Na farko kuɗi: ba abin da mai gida zai sayo a kasuwa ya kira kafintan unguwa ya kafa ba ne, sai mai inji ya zo har gida, kuma zuwan nasa ma biya ake yi. Sai gyara. In reshe ya faɗo ya lotsa magudanar guntu-guntu, guntun da ya lalace kawai za a cire. Marar gaɓa kuwa, ko a sauya tsawon gaba ɗaya, ko a yanke wurin a yi faci, wato an dawo da gaɓar da aka biya kuɗi don a rabu da ita. A garin da babu mai irin wannan inji kusa, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

Akwai kuma abin da malamin kimiyya ya koya mana, cewa ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Alminiyam mai tsawon mita 20, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30 a ma'aunin Selshiyos, yana ƙara tsawo da kusan milimita 14. Ƙaramin abu ne a ido, amma in an ɗaure magudanar tamau ba a bar mata wurin motsi ba, za ta bankare ko ta sassauta ƙusoshinta. Haka in ba a karkata ta wajen bututu ba, kamar milimita 2 a kowace mita, ruwa zai kwanta a ciki, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa a saman ɗakin kwananmu.

A ganinmu, gidan da ke da dogon bango miƙaƙƙe, kamar jerin azuzuwa, shi ya fi cin moriyarta. Ƙaramin gida mai kusurwoyi da yawa zai ƙare da gaɓoɓi ko ta wace hanya aka bi. Kuma kowace iri aka kafa, ƙurar hunturu da ganyen darbejiya ba ruwansu da tsadarta, sai an kwashe su kafin ruwan farko. Aikin manya ne wannan, kada wani ya ɗauki tsani ya hau shi kaɗai. Masu tara ruwa a tanki kuma su bar na farkon ya wanke rufin ya zube tukuna.

Ga aikin gida: ku auna tsawo da faɗin ajinku daga ƙasa, ku lissafa lita nawa rufinsa zai zubar in aka yi ruwa na milimita 15, sannan jarka nawa ke nan. Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku.