Wa Zai Duba Insha'in Ƙannenmu?



Kullum muna kukan matasa ba sa karatu, littattafanmu na kwantai a kasuwa. Amma ba mu cika waiwayar inda ake rainon makaranci ba, wato ajin sakandaren gwamnati.

Tsarin ilimi na Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare. A manyan garuruwanmu kuwa, aji mai ɗalibai 100 ba baƙon abu ba ne. Mu yi lissafi: malamin Hausa mai azuzuwa biyar irin wannan, in ya ba da insha'i ɗaya, takardu 500 ke jiransa. Ko minti biyar ya ba kowace, sai ya ci sama da awa 41. Dole ya daina bayarwa. Haka yaro zai zauna jarrabawar NECO ba wanda ya taɓa gyara masa jimla da jan biro. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta ma, wa zai lura balle ya bi sawunta?

A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Ma'aunin irin wannan mataki shi ne malaman dindindin, don masu yi wa ƙasa hidima shekara guda suke yi su tafi.

Mu matsa da alƙalaminmu a ɗauki malamai. Kafin nan, kowannenmu ya je tsohuwar makarantarsa, ya nemi izinin shugabanta, ya riƙa duba insha'i goma duk mako.