Kafin a ƙaro faifai, a duba fihirisa

Aikina kula da rumbun bayanai ne, kuma maganar da na gaji da ji daga bakin shugabannin ma'aikatu ita ce: "Wuri ya cika, a ƙaro faifai." Sai a sa hannu a fitar da kuɗi, ba wanda ya tambayi abin da ya cinye wurin. Sau tari fihirisa ce ta kumbura, wato jerin da kwamfuta ke bi ta gano bayani da sauri.

Ga yadda kumburin ke faruwa: a manhajar PostgreSQL, in aka gyara layin bayani, sabo ake rubutawa, tsohon kuwa ya zauna a mace. Tamkar littafin bashin mai kanti ne: ya soke sunan wanda ya biya, amma shafin na nan ya tare wuri. Umarnin VACUUM na share matattun layuka don a sake amfani da gurbinsu, sai dai galibi ba ya mayar wa faifai da wurin. Sharar da manhajar ke yi da kanta kuma, a saitinta na asali, tana jira sai matattun sun kai kusan kashi 20 cikin ɗari. Ke nan a teburi mai layi miliyan 50, sai miliyan 10 sun mutu kafin ta motsa. In kuma wani ya buɗe aiki ya bar shi a rataye ya tafi gida, sharar ba za ta taɓa abin da ya mutu bayan buɗewar ba.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A auna kumburin da kayan aikin pgstattuple, a cire fihirisar da ba a amfani da ita bayan an tabbatar. Tun fitowar PostgreSQL ta 12 a 2019, ana iya sake gina fihirisa da REINDEX CONCURRENTLY jama'a na ci gaba da aikinsu. VACUUM FULL kam a yi hattara da shi: yana kulle teburi gaba ɗaya, kuma sai da sararin da zai ɗauki sabon kwafi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, masu hayar wurin ajiya a kamfanonin waje da dala suke biya duk wata, har da kuɗin ajiye matattun layuka. Don Allah shugabanni, ku ba ma'aikacinku lokaci ya auna ya kawo muku lissafi kafin ku sa hannu.