Nikel da Mariƙansa: Aikin da Bai Kamata Ya Ƙare a Kwalba Ba

Sau da yawa ɗaliban ilimin halittu kan yi wa takwarorinsu na kimiyyar sinadarai ba'a, wai sun ɓata shekara guda suna haɗa gari mai launi a kwalba. Wannan ba'a kuskure ce, ko da yake akwai abin dubawa a cikinta.

Tun a 1893 Alfred Werner ya bayyana cewa ƙwayar ƙarfe kan zauna a tsakiya, wasu sinadarai su kewaye ta su riƙe ta. Su ake kira ligan, wato mariƙa. Idan ƙwayoyin ruwa shida suka riƙe nikel, launinsa kore ne. Idan amoniya ta maye gurbinsu, sai ya koma shuɗi. Idan kuwa aka gauraya mariƙa iri biyu ko fiye, akan sami mahaɗi mai sabon hali. Don gane siffarsa, masana kan auna sinadaran da ke cikinsa, da hasken da yake zuƙa, da yadda yake amsa maganaɗisu. Mai mariƙa shida maganaɗisu na jansa, amma mai huɗu a shimfiɗe ba ya jansa.

To, ina ruwan mai nazarin halittu? A 1926 James Sumner ya ware inzayim ɗin yuriyes daga wani irin wake. A 1975 masana a Ostireliya suka gano akwai nikel a cikinsa, sannan a 1995 hasken eksire ya nuna ƙwayoyin nikel biyu riƙe da mariƙa iri-iri. Ashe abin da ɗalibi ke haɗawa a kwalba, yana nan cikin halittu tun fil azal.

Yuriyes ne ke farfasa takin yuriya ya saki amoniya, shi ya sa manomin da ya watsa taki bai rufe shi da ƙasa ba kan yi asarar wani kaso a iska. Da shi kuma ƙwayar cutar gyambon ciki, Helikobakta, ke kare kanta daga tsamin tumbi. Sanin yadda mariƙa ke kama nikel shi ne mabuɗin samar da abin da zai daƙile wannan inzayim.

Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bincike da dama kan tsaya ga bayyana launi, a ɗiga mahaɗin kan ƙwayoyin cuta, a ce ya kashe su. Wannan bai isa hujja ba, domin nikel kansa guba ne idan ya yi yawa. Wajibi ne a fara da tambaya, a tabbatar da siffar mahaɗin da eksire ko da ta hanyar haɗin guiwa da wata jami'a ce, kuma a gwada shi kan yuriyes tare da masana halittu da na ƙasar noma. Da haka ne garin kwalba zai amfani gona da asibiti.