Kamuku, Wurin Hutu a Bayan Gidanmu

Ƙannena, in an ce wurin hutu sai hankalinku ya tafi tsibiran Girka da kuke gani a waya. To, mu 'yan Birnin Gwari namu na nan kusa: dajin Kamuku. Tun 1936 aka keɓe shi a ƙarƙashin En'e, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. Ga magangarar Dogon Ruwa, ga Goron Dutse, ga Tsaunin Rema inda remaye ke shan hantsi.

Shirun da ya janyo baƙi shi ya janyo 'yan bindiga. Yau yaro a Tabanni ya fi sanin dajin da labarin garkuwa. Bayan sulhun 2024 an buɗe kasuwar kara, amma kada wanda ya leƙa dajin sai ma'aikatan gandun sun ba da izini.