A auna mutum kafin a ƙera masa keke

Idan aka ce wani ya ba da aikin a ƙera masa firam ɗin keke tun daga tushe, don kawai sirdin ya ɗan matso gaba, abin da za a fara cewa shi ne kuɗi sun yi masa yawa. Ni ba na cikin masu faɗar haka. Wanda ba ya zuwa ɗaurin aure da rigar kanti sai tela ya auna shi, ban ga bakinsa na yi wa mai keke dariya ba.

Ba tsohon Rali na zuwa gona nake nufi ba, wanda ake zama a kansa a miƙe. Keken tsere nake magana, na duƙawa. Bututun da ke riƙe da sirdinsa a kishingiɗe yake, yawanci digiri 73 ko 74. Ƙarin digiri ɗaya tak yana tura sirdin gaba da fiye da santimita ɗaya ga mai matsakaicin tsayi. Sai ka ga kamar ba komai. Amma ka duƙa don kauce wa iska alhali sirdi na can baya, ka ji yadda cinya ke dukan ciki, ƙugu ya ƙage, numfashi ya yi gajere. Da ka matso gaba, kwankwaso ya buɗe, ƙafa ta samu sararin taka feda. Shi ya sa kekunan masu gasar nan ta iyo da keke da gudu a jere suke kai digiri 76 zuwa 78, wasu ma su wuce.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce hancin sirdi ya tsaya aƙalla santimita 5 a bayan tsakiyar inda fedoji ke juyawa. Wannan hukumar ce ta haramta salon zaman Graeme Obree, ɗan Sikotilan da ya haɗa kekensa da hannunsa, har da boris ɗin injin wanki a ciki, ya kafa tarihi a 1993 da kilomita 51.596 cikin awa ɗaya. Amma dokar santimita 5 ɗin ta masu shiga gasarta ce. Kai da ke fita motsa jiki bayan sallar asuba, babu alƙalin da zai tare ka da awo.

Kada dai a yi gaggawar buɗe aljihu. Sirdi yana zamewa a kan ƙarafunan da ke ƙarƙashinsa, a fara tura shi. Idan bai isa ba, a canja sandar sirdin mai lanƙwasa da miƙaƙƙiya. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Wanda tasa ba ta ƙare ba shi ne mai hujja. Da zarar ka tura sirdi ya ƙure, nauyinka ya koma kan hannuwa da tayar gaba. Tafin hannu ya yi ta sagewa, gwiwa ta kusa taɓa kan keke, a gangara kuma ka ji baya ya yi sakayau, ka matse birki da fargaba. Firam ɗin ba don wannan zaman aka zana shi ba. Gwanin maƙeri idan ya miƙar da bututun sirdi, zai tsawaita na sama, ya tura tayar gaba nesa kaɗan, nauyi ya sake rabuwa daidai. Kuɗin wannan lissafin ake biya, ƙarfen kansa ba shi ne tsadar ba.

Saboda haka ina roƙo, kada a ɗauki keke a kai wa mai waldar ƙofa a ce ya yanka ya miƙar. Bututun keken tsere na ƙarfe kaurin bangonsa bai kai milimita ɗaya ba a tsakiya, wutar waldar gida za ta huda shi ko ta raunana shi, kuma irin wannan raunin ba ya nuna kansa sai ana cikin gudu. A fara samun zaman da jiki ya yarda da shi a kan tsohon keken, a yi makonni ana hawa a haka, sannan a auna shi a kai wa wanda ƙera firam ce sana'arsa.